Yadda Na Kai Kukana Ga Gwamnatin Amurka Kan Rumbunan Mujallun da Makaho Ba Ya Iya Shiga

Aikin da malamina ya ɗora mini a shekarata ta biyu ta karatun digirin digirgir, a wata jami'ar gwamnati a Amurka, shi ne in tattaro duk binciken da aka wallafa kan amfani da gidan sauro mai magani a Afirka ta Yamma, in tace, in ware waɗanda suka cika sharuɗɗa. A fannin kiwon lafiyar al'umma irin wannan aiki yana da ƙa'ida mai tsauri. Ba a yarda ka tsaya a rumbun mujallu guda ɗaya ba, kuma dole ka rubuta kalmomin da ka yi nema da su, da shekarun da ka iyakance, da yawan maƙalun da suka fito, yadda wani zai iya bin sawunka ya tarar da abin da ka tarar. Ni makaho ne tun ina yaro. Da manhajar karanta allo nake aiki, NVDA a yawancin lokaci, wani sa'in JAWS. Ba ni da abin yi da linzamin kwamfuta. Komai da madannai nake yi, manhajar tana faɗa mini inda nake a shafi da abin da zan iya dannawa.

PubMed bai ba ni wahala ba. Rumbu ne na laburaren likitanci na gwamnatin tarayya, kuma sashe na 508 na dokar nakasassu ta 1973, wanda aka ƙarfafa a 1998, ya wajabta wa hukumomin tarayya su gina shafukansu yadda irina zai iya amfani da su. Tangarɗar ta fara ne da na koma ga rumbunan kamfanoni, waɗanda jami'a ke zuba kuɗi masu yawa duk shekara domin ɗalibanta su samu shiga.

A ɗaya daga cikinsu, shafin nema mai zurfi yana da jerin akwatunan zaɓi na shekara, da harshe, da nau'in bincike. Mai ido yana ganin sunan kowanne a gefensa. Ni abin da nake ji kawai shi ne "maɓalli, maɓalli, maɓalli", babu suna ko ɗaya, domin wanda ya gina shafin bai liƙa wa kowane maɓalli sunansa a cikin lambobin shafin ba. Wurin da ake zaɓar ko a haɗa kalmomi biyu ko a raba su ba ya buɗewa sai da linzami. Idan na yi sa'a na danna wani abu, sakamakon yakan sauya a kan allo ba tare da an sanar da ni ba, sai in ci gaba da aiki da adadin da ya riga ya canja. Mafi ciwo shi ne wata 'yar taga da ke fitowa tana gargaɗin cewa lokacin zama ya kusa ƙarewa. Manhajata ba ta jin fitowarta. Ina cikin jera kalmomin nema masu tsawo sai in tarar an fitar da ni, komai ya goge.

A rumbu na biyu nema yana yiwuwa, karatun ne ba ya yiwuwa. Maƙalar takan buɗe a cikin wani keɓantaccen shafi wanda idan na shiga da madannai ba na iya fita sai na rufe burauzar gaba ɗaya. Tsofaffin maƙalu kuwa hotunan takarda ne aka ɗauka aka ajiye, babu harafi ko ɗaya a cikinsu da manhaja za ta karanta. Har a sababbin ma, jadawalin alƙaluma, inda ainihin sakamakon bincike yake, sau da yawa hoto ne.

Ban fara da ƙara ba, kuma ban zo da niyyarta ba. Na je wurin ma'aikaciyar laburaren da ke kula da sashenmu. Mace ce mai kirki da sanin aikinta, kuma har yau ina yi mata addu'a. Ta zauna da ni ta yi mini neman da hannunta ina faɗa mata kalmomi. Ofishin kula da ɗalibai masu nakasa shi ma ya karɓi maƙalun da ke hoto, yana juya su zuwa rubutu yana turo mini. Doka ta ba su damar yin haka ba tare da neman izinin mai haƙƙin mallaka ba, tun gyaran da aka yi wa dokar haƙƙin mallaka ta Amurka a 1996, wanda ake kira gyaran Chafee, kuma hukuncin kotun ɗaukaka ƙara a shari'ar HathiTrust a 2014 ya ƙara tabbatar da shi. Amma layi ake bi. Maƙalar da abokin karatuna zai buɗe ya leƙa ya ce wannan ba ta cikin abin da muke nema, duk cikin minti ɗaya, ni sai na aika da ita na jira kwanaki kafin in gano haka. Kuma aikin tacewa yana farawa ne da ɗaruruwan maƙalu.

Akwai abin da ya fi jinkirin damuna. Nema a rumbun mujallu tunani ne. Kana sa kalma, ka ga abin da ya fito, ka canja ra'ayi, ka cire wannan ka ƙara wancan, wata maƙala ta nuna maka hanyar da ba ka zata ba. Wannan ba ya yiwuwa ta bakin wani a cikin awa ɗaya da ya ware maka ranar aiki. A jami'ar da na yi digirin farko a gida, abokaina ne suke karanta mini littafi ina ɗauka a waya, kuma ba zan taɓa manta alherinsu ba. Amma na san yadda karatu yake idan ya rataya a kan lokacin wani da lafiyarsa da yanayin ransa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kayan aikin suna nan, an biya kuɗinsu, kuma cikin kuɗin har da na makarantata.

Ma'aikaciyar laburaren ce ta fara buɗe mini ido kan yadda ake sayen waɗannan rumbuna. Jami'a ba ta mallake su ba, haya take yi, da kwantiragi na shekara ɗaya ko uku ko fiye. Kafin a sa hannu akan nemi kamfani ya kawo wata takarda da ake kira VPAT, inda yake bayyana ko kayansa sun cika kowace ƙa'ida ta sauƙin amfani ga nakasassu, ko sun cika wani ɓangare, ko ba su cika ba. Kamfanin ne da kansa yake cike ta. Ta nemo mini ta rumbun farko ta karanta mini. An rubuta ta shekaru kafin a sake fasalin shafin, kuma a layin da ya shafi aiki da madannai an ce ya cika. Ta riga ta aika wa kamfanin koke tun kafin zuwana, ta sake aikawa da sunan matsalata, amsar dai ita ce za a duba a sabuntawa ta gaba. Babu komai a kwantiragin da zai tilasta musu, kuma babu wanda zai soke rumbun da malamai da yawa ke dogaro da shi saboda ɗalibi ɗaya.

Ɗalibai makafi da na haɗu da su ta ƙungiyar makafi ta ƙasa, NFB, su suka nuna mini cewa abin da nake roƙo haƙƙi ne da ke rubuce. Sashe na 504 na dokar 1973 ya hana duk wata makaranta da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci saboda nakasa. Babi na biyu na dokar kare haƙƙin nakasassu ta Amurka, wato ADA, ta 1990 ya ɗora irin wannan nauyi a kan hukumomin jihohi da ƙananan hukumomi, har da jami'o'insu. Tun a watan Yunin 2010 Ma'aikatar Shari'a da Ma'aikatar Ilimi suka rubuta wa shugabannin jami'o'i wasiƙar haɗin gwiwa, bayan rikicin da ya taso kan na'urar karatu ta Kindle, cewa bai halatta a ɗora wa ɗalibai fasahar da makaho ba zai iya amfani da ita ba sai an tanadar masa hanyar da za ta ba shi amfani daidai da na kowa. A 2014 kuma Jami'ar Montana ta sa hannu kan yarjejeniya da ofishin kare haƙƙin jama'a na Ma'aikatar Ilimi, wanda ake kira OCR, bayan ɗalibai sun kai koke, kuma rumbunan laburare na cikin abubuwan da suka lissafa. Na karanta wannan yarjejeniya daga farko har ƙarshe. Ma'aunin da ke cikinta shi ne mai nakasa ya samu bayani iri ɗaya, ya yi mu'amala iri ɗaya, ya ci moriyar hidima iri ɗaya da wanda ba shi da nakasa, cikin sauƙi kwatankwacin nasa. A kan wannan ma'auni, jiran kwanaki domin abin da wani ke samu nan take bai cika ba.

Duk da haka raina bai kwanta ba, sai da na kira gida.

"Kai fa baƙo ne a ƙasar mutane," in ji Yayana. "Su suka ba ka gurbi, su ke biyan ka alawus. Yanzu kuma ka kai su gaban hukuma? Ka yi haƙuri mana, ka gama karatunka ka dawo lafiya."

Na ce, "Yaya, haƙurin nake yi har zango ya ƙare ban miƙa babi ko ɗaya ba. Alawus ɗin nan yana da wa'adi. Idan ya ƙare ban gama ba, ba ni da abin biyan makaranta."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ka tambayi waɗanda suka sani, kada ka yi gaban kanka. Allah Ya yi maka jagora."

Tsoronsa yana da tushe, ni ma ina da shi. Abin da ya rage mini shi shi ne sanin cewa kowa na iya kai koke OCR, ɗan ƙasa ko baƙo, ba a biyan ko sisi, ba sai da lauya ba, kuma doka ta haramta wa makaranta ta rama wa wanda ya kai koke ko ya ba da shaida. Ramuwar ita kanta laifi ce da ofishin ke bincike dabam.

Na fara bi ta cikin gida. Kowace jami'a irin tamu tana da jami'in da aka naɗa ya kula da bin dokar ADA da sashe na 504, kuma tana da hanyar shigar da koke. Na rubuta, aka kira ni zama. An saurare ni da mutunci. Amsar da aka ba ni a rubuce ta ƙunshi abubuwa biyu: rumbunan ba jami'a ce ta gina su ba, kuma an riga an ba ni taimakon da ya dace ta ofishin nakasassu da laburare. Aka ƙara da alkawarin hanzarta juya mini maƙalu. Kan sayayya da kwantiragi ba a ce komai ba.

A nan ne lissafin kwanaki ya shigo. OCR na karɓar koke ne cikin kwana 180 daga ranar da abin ya faru. Wanda ya fara bi ta hanyar cikin makaranta yana da kwana 60 bayan an kammala ta. Ba dole ba ne a bi ta cikin makaranta tukuna, amma amsar da suka ba ni a rubuce ta zama hujja mai amfani, domin ta nuna an sanar da su kuma ga matsayinsu.

Mafi yawan ƙarfina ya tafi ne wajen haɗa hujja, kuma shi ne abin da nake so duk mai irin wannan matsala ya fi kula da shi. Idan ka rubuta cewa shafi ba ya aiki da manhajarka, ba ka ba mai bincike abin riƙewa ba. Sai na buɗe kundi, duk lokacin da na ci karo da shinge in rubuta rana, da sunan rumbun, da adireshin shafin, da burauzar da nake kai, da nau'in manhajar karanta allo, da abin da na yi niyyar yi, da abin da ya faru, mataki bayan mataki yadda wani zai iya maimaitawa. Na gwada kowane shinge da NVDA da JAWS duka, a burauza fiye da ɗaya, domin kada a ce laifin kwamfutata ne ko rashin iyawata. Na ɗauki muryar manhajar tana maimaita "maɓalli" babu suna. Wani abokin karatuna mai ido ya zauna kusa da ni muka yi nema iri ɗaya, ya rubuta abin da shi yake gani a daidai lokacin da ni ba na jin komai.

Sannan na koyi harshen da masu wannan fanni ke magana da shi, wato ƙa'idojin sauƙaƙa wa nakasassu amfani da shafukan intanet, WCAG, da ƙungiyar tsara ƙa'idojin intanet ta W3C ke fitarwa. Kowace ƙa'ida tana da lamba. Ta 2.1.1 ta ce duk abin da ake yi a shafi ya yiwu da madannai. Ta 2.1.2 ta hana tarkon da ke riƙe mai madannai a wuri ɗaya. Ta 4.1.2 ta wajabta kowane maɓalli ya kasance da suna da bayanin aikinsa da manhaja za ta iya karantawa. Ta 1.1.1 ta shafi hotuna, ta 2.2.1 kuma ta shafi wa'adin zama a shafi. Da na jera shingayena a gefen waɗannan lambobi, kokena ya tashi daga labarin wahalar mutum ɗaya ya zama abin da za a iya gwadawa a ce e ko a'a. Na kuma haɗa da ranakun da na aika maƙalu da ranakun da suka dawo, da wasiƙar malamina da ke nuna aikin wajibi ne a karatuna kuma ya makara.

Shigar da koken kansa bai ɗauki lokaci ba. Fom ne a intanet, kuma na cike shi da kaina da manhajata. Bayansa akwai takardar amincewa da ake sa wa hannu, wadda ke ba ofishin izinin bayyana sunanka ga makarantar idan bincike ya buƙaci haka, kuma ana ba da kwana 20 a mayar da ita. Hannuna ya yi nauyi a kanta, domin daga nan babu ɓuya. Na sa.

Wata lauyar ofishin ta kira ni ta yi mini tambayoyi na tsawon lokaci. Ta fayyace mini tun farko cewa ita ba lauyata ba ce, aikinta gano gaskiyar abin da ya faru ne ba tare da ɗaukar ɓangare ba. Ta kuma gaya mini abin da ya zama ginshiƙin al'amarin duka: ofishinsu ba shi da iko a kan kamfanin da ya gina rumbun. Ikonsa a kan makarantar yake, saboda ita ce ke karɓar kuɗin tarayya kuma ita ce ta zaɓi ta miƙa wa ɗalibanta wannan hidima. Bayan wani lokaci wasiƙa ta zo mini, irinta kuma ta je wa jami'a, cewa an buɗe bincike, tare da bayanin cewa buɗe shi ba yana nufin an sami kowa da laifi ba.

Daga nan sai shiru mai tsawo a ɓangarena. A ɓangaren jami'a kuwa aiki ne ya tashi, domin an buƙaci ta miƙa kwantiragin rumbunan, da takardun VPAT, da manufofinta na sayayya, da duk wasiƙun da aka yi kan kokena. Masu gwaji na ofishin sun shiga rumbunan da kansu. A tsakanin nan ina haɗuwa da mutanen laburare kullum, kuma ba zan ɓoye ba, gaisuwar wasu ta yi sanyi. Ma'aikaciyar da ta taimake ni ba ta sauya ba. Ta ce a matsayinta ba za ta yi magana kan binciken ba, amma aikina na nan kuma za mu ci gaba da shi.

Binciken bai kai ga hukunci ba. Dokokin aikin ofishin, a sashe na 302, sun ba makaranta damar ta nemi sulhu kafin a kammala, ta sa hannu kan yarjejeniyar gyara ba tare da ta amsa laifi ba. Jami'armu ta zaɓi wannan. Mai koke ba ya cikin masu sa hannu, kuma ba ya zama a teburin tattaunawa. An sanar da ni, an turo mini wasiƙar sakamako da kwafin yarjejeniyar bayan an gama. Na so a ce an rubuta ƙarara cewa abin da ya same ni bai dace ba, kuma rashin hakan ya yi mini zafi. Babu diyya, babu wanda ya mayar mini da zangon da ya tafi. Amma da na karanta abin da jami'ar ta ɗauka a wuyanta, na ga ya wuce abin da na roƙa a zaman cikin gida nesa ba kusa ba.

Ta yarda za ta binciki rumbunan da aka fi amfani da su, da hannun mai gwajin da ya san aikin, ba da na'urar bincike kaɗai ba. Wannan yana da muhimmanci, domin manhajojin da ke duba shafi da kansu suna iya gane hoton da ba shi da bayani, amma ba sa gane bayanin da ba shi da ma'ana, kuma ba sa faɗawa tarko irin wanda ya riƙe ni. Ta yarda cewa ba za a sa hannu kan sabon kwantiragi ko a sabunta tsoho ba sai an gwada kayan, an kuma sa sharaɗi a rubuce cewa kamfani zai bi WCAG ya gyara abin da aka nuna masa cikin wa'adi. Inda babu wani rumbu da zai maye gurbin mai matsala, dole a rubuta tsarin da zai ba mai nakasa hanya daidai da ta kowa kafin a gyara, da sunan wanda ke da alhaki da lokacin da zai amsa. Akwai horar da ma'aikatan sayayya da na laburare, akwai hanyar kai rahoton shinge a kowane shafin laburare, akwai kuma rahotanni da za a riƙa aika wa OCR har sai ofishin ya gamsu. A bayan wannan duka akwai abin da kowa ya sani ko da ba a furta ba: makarantar da ta ƙi cika alkawari tana iya fuskantar yanke kuɗin tarayya ko a miƙa batunta ga Ma'aikatar Shari'a.

Na ga tasirin wannan da kunnena. An gayyace ni cikin masu gwada rumbuna kafin sabunta kwantiragi, ana biya na ladan aikin. A wani zama da wakilan kamfanin rumbun farko, shugabar sayayyar laburare ta gaya musu cewa yanzu ba ta da ikon sa hannu na shekara uku a kan kayan da bai ci gwaji ba, sai dai shekara ɗaya da jerin gyare-gyare a haɗe. Koken da ya kwana a wurinsu shekaru ya sami injiniya a cikin 'yan makonni. Maɓallan sun sami sunaye, tagar gargaɗin ta fara magana. Aikin da aka yi ba mai wuya ba ne ga wanda ya iya, abin da ya rasa a da shi ne wanda zai ce ba zai biya ba. Laburarenmu ya kuma fara amfani da sakamakon gwajin da ƙawancen laburarorin jami'o'i mai suna Library Accessibility Alliance ke wallafawa kyauta, wanda ya samo asali daga rukunin wasu manyan jami'o'in Amurka da ake kira Big Ten. Suna biyan masu gwaji masu zaman kansu su duba manyan rumbuna, suna kuma ba da samfurin sharaɗin da za a sa a kwantiragi. Kamfani na iya share laburare ɗaya, amma da wuya ya share gomman masu saye da suka zo da magana ɗaya.

Rumbu na biyu bai gyaru yadda nake so ba. An cire tarkon madannai, amma tsofaffin maƙalu suna nan a hoto, kuma jadawalin alƙaluma har yanzu sai an sake buga mini su da hannu. Bambancin shi ne yanzu akwai wa'adi a rubuce, kuma akwai maɓallin neman kwafi mai karantuwa a kan shafin kansa.

Muna cikin wannan ne, a ranar 24 ga Afrilun 2024, Ma'aikatar Shari'a ta buga sabuwar ƙa'ida a ƙarƙashin babi na biyu na ADA. A karon farko an ambaci ma'auni da suna, WCAG 2.1 a matakinsa na tsakiya, wato AA, ga shafukan intanet da manhajojin waya na hukumomin jihohi da ƙananan hukumomi. Kamar yadda aka buga ta, ta ba manyan hukumomi shekara biyu, ƙanana kuma shekara uku. Layin da na fi komawa kansa shi ne wanda ya ce nauyin ya shafi abin da hukuma ta samar da kanta da kuma abin da ta samar ta hanyar kwantiragi ko lasisi. Wato amsar da aka ba ni a zaman farko, cewa ba mu muka gina ba, an rufe mata ƙofa a rubuce. Akwai togaciya ga wasu tsofaffin takardu da abin da aka ajiye don tarihi kawai, kuma ƙa'idar ba ta hau kan jami'o'i masu zaman kansu ba, ko da yake sashe na 504 yana binsu muddin suna karɓar kuɗin tarayya.

Ƙa'ida tana buƙatar masu aiwatar da ita. A watan Maris na 2025 an rage ma'aikatan Ma'aikatar Ilimi sosai, aka rufe bakwai daga cikin ofisoshin yanki goma sha biyu na OCR. Wannan yana damuna ƙwarai, saboda na san abin da ya motsa jami'armu shi ne wasiƙa daga mutumin da ke da ikon neman takardu da lokacin karanta su.

Ɗalibai makafi daga gida sukan tambaye ni ko akwai irin wannan a Najeriya. Akwai tubalinsa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda ta ba da damar juya littattafai zuwa sigar da makafi za su karanta a kuma aika su tsakanin ƙasashe, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shigar da hakan. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta kafa hukuma mai karɓar koke. Kuma tunda manyan makarantunmu na gwamnati sukan samu kayan karatu na intanet ta hannun asusu ɗaya, TETFund, sharaɗi guda a takardar saye zai iya isa makarantu masu yawa a lokaci ɗaya. Kamfanonin su ne dai waɗanda ke sayar wa Amurka, kuma sun riga sun san ƙa'idar.

A zangon da ya wuce kamfanin rumbun farko ya sake fasalin shafin sakamako, maɓallin fitar da jerin maƙalu ya sake rasa sunansa. Na cike fom ɗin rahoto da ke shafin laburare, na sa lambar 4.1.2 da matakan maimaitawa. Washegari ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin ya turo mini jerin da nake buƙata, ya kuma sa ni a kwafin wasiƙar da ya aika wa kamfanin, wadda ta ambaci sakin layin kwantiragin da ranar da wa'adin gyara zai cika. An gyara kafin ranar, na gwada da NVDA da JAWS, na rubuta musu cewa ya yi.